Ƙishirwar Yaman: yadda yaƙi ya kashe famfo, kwalara ta shigo gari

Mu a nan Gombe, yawancinmu a wurin tafsirin azumi muka fara jin labarin ƙasar Yaman. Idan malam ya iso Suratu Saba'i, sai ya tsaya ya ba da labarin mutanen da Allah Ya bai wa gonaki biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da babbar madatsar ruwan da ke shayar da su, da ambaliyar da ta zo ta rushe ta. Kufan wannan madatsa yana nan har yau kusa da garin Ma'arib. Shi ya sa idan an ambaci Yaman, abin da ke zuwa mana a rai shi ne lambuna da zuma da mutanen da suka iya sarrafa ruwa tun kafin zuwan Musulunci. Haka kuwa suke. Sai dai a yau ƙasar tana cikin waɗanda suka fi kowa ƙarancin ruwa a duniya, kuma a cikinta aka yi annobar kwalara mafi girma da aka taɓa ƙidayawa a wannan zamani.

Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2021 yaƙin Yaman ya ci rayuka kimanin 377,000. Kusan kashi 60 cikin 100 na waɗannan mutane ba su mutu a bakin daga ba. Yunwa ce ta kashe su, da cuta, da rashin asibiti, da gurɓataccen ruwa. Wannan kaso shi ne ya fi damuna, domin ba a cika kawo labarinsa a rediyo ba, kuma hanyar da ya bi ya faru hanya ce da kowane mazaunin Gombe ko Bauchi zai gane. Ruwan birni a zamanin nan ya rataya ne a kan abubuwa ƙanana: man dizal, wutar lantarki, albashin ma'aikaci, sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, da kayan gyaran inji. Idan aka yanke waɗannan, ko bam bai taɓa rijiya ba, gari zai kwana da ƙishirwa.

Amma kafin a kai ga yaƙin, dole a faɗi gaskiya cewa tun da daɗewa Yaman take cikin matsala. Ƙasar ba ta da kogi ko ɗaya da ke gudana shekara cur. Babu irin Gongola, balle Binuwai. Ruwan sama yana sauka a kan tsaunukan yamma, musamman wajen Ibb, ya gangaro cikin kwaruruka da ƙarfi, bayan 'yan kwanaki ya ƙafe. Mutanen da suka gabata sun san haka, sai suka gina rayuwarsu daidai da shi. Suka sassaƙa gefen tsaunuka hawa-hawa suka mayar da su gonaki masu riƙe ruwa. Suka gina manyan tafkunan dutse, irin waɗanda har yanzu ake zuwa kallo a birnin Adan. A filin Tihama da ke gaɓar Bahar Maliya, suka kafa ƙa'idar rabon ruwan kwari: na sama ya shayar da gonarsa, ya sake wa na ƙasa. Ga rijiya kuma, fiƙihu ya ba ta haraminta, wato tazarar da ba a yarda wani ya haƙa tasa a ciki ba. Duk tsarin ya ginu ne a kan abin da damina ta kawo da abin da guga zai iya jawowa.

A shekarun 1970 ne lissafin ya canza. Arzikin mai ya buɗe a Saudiyya, dubban ɗaruruwan 'yan Yaman suka tafi ci-rani, suna aiko kuɗi gida. Da kuɗin aka sayi injinan haƙa rijiyar burtsatse da injinan jan ruwa. Gwamnati kuma ta riƙa sayar da dizal da araha ƙwarai. Manomin da kakanninsa ke jiran sama ya ga cewa yanzu zai iya noma rani da damina. Tsakanin 1970 da ƙarshen shekarun 1990, faɗin gonakin da ake shayarwa da ruwan rijiya ya ninka kusan sau goma. Ba na ganin laifin manomin. Kowa a matsayinsa haka zai yi. Matsalar ita ce ruwan da ake jawowa daga can ƙasa ya ɗauki dubban shekaru yana taruwa, kuma damina ba ta mayar da shi da saurin da inji ke zuƙe shi. Ƙa'idar haramin rijiya an yi ta ne domin rijiyar hannu. Inji mai zurfin mita ɗaruruwa yana iya shanye ruwan maƙwabci daga nesa ba tare da ya taka iyakarsa ba. Sai aka shiga tsere: rijiyarka ta ƙafe, ka ƙara zurfi, ta maƙwabcinka ta ƙafe, shi ma ya ƙara. Mai kuɗi ne kawai ke iya ci gaba da wannan tsere, talaka kuwa ya sayar da gona ya koma birni.

Alƙaluman suna da nauyi. Masana sun ce idan rabon ruwan da ke sabuntawa a ƙasa ya gaza mita kubik 500 ga kowane mutum a shekara, ƙasar ta shiga matsanancin ƙaranci. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Rabon ɗan Yaman bai kai mita kubik 100 ba, kuma a ciki ne za a yi noma, a sha, a yi wanka, a ba dabbobi. A kowace shekara ƙasar na ɗibar kimanin mita kubik biliyan 3.5, alhali abin da ke komawa bai wuce biliyan 2.5 ba. Noma ke cin kusan kashi 90 cikin 100. Daga ciki kuma akwai kat, wani ganye da ake taunawa da rana a zaman hira, kusan matsayin goro a wurinmu sai dai ya fi shi kama jiki da cin aljihu. Kat yana kawo kuɗi kullum, ana cire shi sau da yawa a shekara muddin ana ba shi ruwa, don haka ya kori kofi da hatsi daga gonaki da dama. Ana ƙiyasin yana shan wajen kashi ɗaya cikin uku na ruwan ban-ruwa, a wasu yankunan fiye da haka. Mutane sun ƙaru daga ƙasa da miliyan 10 a shekarun 1970 zuwa sama da miliyan 30.

San'a, babban birnin, yana zaune ne a kan tsauni, sama da mita 2,200 daga teku, don haka ko an tace ruwan teku, hawa da shi can aiki ne mai tsadar gaske. Ruwan ƙarƙashin birnin yana sauka da mitoci a kowace shekara, har wasu rijiyoyin sun doshi zurfin mita 1,000. A birnin Ta'iz kuwa tun a tsakiyar shekarun 1990 an kai matsayin da famfo ke zuwa sau ɗaya a cikin kwana 40. An kafa hukumar kula da albarkatun ruwa, an yi dokar ruwa a 2002 wadda ta ce sai da izini za a haƙa rijiya mai zurfi, amma masu injin haƙa sun fi dokar ƙarfi, kuma da yawansu manyan gari ne. A watan Yulin 2014 gwamnati ta janye tallafin mai. Farashin ruwa da na abinci suka tashi tare, jama'a suka fito kan titi, kuma a kan wannan fushi ne 'yan Huthi, 'yan tawaye daga arewacin ƙasar masu samun goyon bayan Iran, suka hau har suka shiga San'a a watan Satumba. A watan Maris na 2015 ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta ya fara luguden wuta ta sama.

An jefa bama-bamai a kan wuraren ruwa, wannan tabbas ne. A watan Yulin 2018, alal misali, asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da sanarwar cewa harin da aka kai wa wata cibiyar ruwa a lardin Sa'ada ya raba mutum 10,500 da ruwan sha. Dokar yaƙi ta duniya, tun ƙarin da aka yi wa yarjejeniyar Janeba a 1977, ta haramta taɓa wuraren ruwan sha na farar hula. Amma a ganina ɓarnar da ta fi girma an yi ta ne ba da ƙarar bam ba.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ƙasar da ruwanta ke zurfin mita ɗaruruwa, ruwan cikin shi ne mai. A 2015 wutar lantarkin gwamnati ta ɗauke a mafi yawan arewacin ƙasar, babbar tashar wuta ta Ma'arib ta daina kai wa San'a wuta. Hukumomin ruwa suka koma kan janareto. Dizal kuwa daga waje yake shigowa, galibi ta tashar jiragen ruwa ta Hudaida, wadda ta cikinta kusan kashi 70 cikin 100 na kayan da ake shigowa da su ke bi. Ƙawancen ya sa takunkumi a kan tashar, ana tsare jiragen mai a teku makonni. A watan Nuwamban 2017, bayan 'yan Huthi sun harba makami mai linzami zuwa Riyad, aka rufe dukan hanyoyin shiga ƙasar. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyar agaji ta Red Cross ta sanar da cewa famfo ya tsaya a Hudaida da Sa'ada da Ta'iz, daga baya San'a da Baida suka bi, mutum kimanin miliyan 2.5 a birane biyar ba su da ruwa mai tsabta. Rijiyoyin suna nan, bututun suna nan, injinan lafiyarsu ƙalau. Mai ne babu.

Sai maganar albashi. A watan Satumban 2016 gwamnatin da duniya ta amince da ita ta mayar da babban bankin ƙasa daga San'a zuwa Adan. Daga nan albashin ma'aikatan gwamnati a yankuna da dama ya tsaya. Mu yi tunanin su wane ne waɗannan ma'aikata: mai kunna inji a tashar ruwa, mai auna kulorin, mai gyaran bututun da ya fashe, direban motar shara, malamin asibiti a ƙauye. Ba wanda ke tuna su sai ranar da suka daina zuwa aiki. Da yawansu sun ci gaba da zuwa ba ko sisi, kuma wannan abin a jinjina musu ne. A tsakiyar 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ma'aikatan lafiya kimanin 30,000 sun shafe kusan wata goma ba a biya su ba. Masu kwashe shara a San'a sun gaji sun tafi yajin aiki, shara ta taru a tituna daidai lokacin da damina ke sauka.

Ta'iz ta ga wani salo daban. A 2015 birnin ya shiga ƙawanyar 'yan Huthi, kuma yawancin filayen rijiyoyin da ke shayar da shi sun faɗa hannun 'yan Huthi ko kuma tsakiyar fagen daga. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch, a rahotonta na Disamban 2023, ta ce 'yan Huthi sun hana ruwan isa cikin gari, su kuma wasu sojojin ɓangaren gwamnati sun ƙwace rijiyoyin jama'a suna sayar da ruwansu. Na kawo wannan ne domin a wurin hira mutanenmu sukan ɗauki ɓangare a rikicin Yaman bisa aƙida, wannan ya tsaya wa Saudiyya, wancan ya tsaya wa Iran. Wanda ya bi labarin ruwan zai ga babu ɓangaren da hannunsa ya fita da tsabta. Kuma dukansu Musulmi ne da suka san hadisin da ya ce mutane abokan tarayya ne a cikin ruwa da ciyawa da wuta.

Idan famfo ya mutu, mutane ba sa daina shan ruwa. Wurin ɗiba kawai suke canzawa. Mai hali ya sayi na tanka, ba tare da ya san daga wace rijiya aka ɗebo ba. Marar hali ya tura yara da jarkoki masu launin ruwan ɗorawa, irin na man girki, su bi layi a tankin sadaka na bakin masallaci, ko su gangara kwari. A nan kwalara ke jira.

Yana da kyau a fahimci yadda cutar ke aiki, domin a nan ne dukan maganar ta haɗu. Ƙwayar kwalara tana fita ne a cikin bayan gidan wanda ya kamu, ta shiga bakin wani ta ruwa ko abinci ko hannu. Yawancin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa ma kwanciya, amma suna zubar da ita kwanaki. A jikin wanda ta kayar, tana fitar da wani dafi da ke sa hanji ya riƙa kwararo ruwa da gishirin jiki waje. Gudawar fara ce, kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai. Babban mutum yana iya zubar da lita guda a cikin awa ɗaya. Ido ya faɗa, fata ta yamutse, fitsari ya ɗauke, jini ya kasa zagayawa. Wanda aka gaisa da shi da hantsi ana iya yi masa sallah da la'asar. Idan ta yi tsanani kuma ba a yi magani ba, tana iya kashe kusan rabin waɗanda ta kama. Idan an mayar da ruwan jiki da wuri, ba ta kashe ko mutum ɗaya cikin ɗari. Maganin farko kuwa ruwan gishiri da sukari ne: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin da ke ƙona rai shi ne shi ma maganin sai da ruwa mai tsabta, wanda rashinsa ne ya kawo cutar.

Akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Famfon da ke zuwa jefi-jefi yana da haɗarin da mai zuwa kullum ba shi da shi. Muddin bututu cike yake da ruwa mai ƙarfi, ko ya tsage, waje ruwan zai riƙa fita. Da zarar an kashe inji bututun ya zama fanko, sai ya koma yana zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan tsagar. Idan kusa da kwata ko shadda ya bi, ƙazantar ce ke shiga ta kwanta. Ranar da aka saki ruwa, ita ce ke fara isa randar mutane. A San'a an haɗa wannan da wata masifar: matatar ƙazantar birnin ta rasa wuta da mai, ƙazanta ta riƙa fita ba a tace ba, manoman arewacin birnin suna shayar da kayan lambu da ita, kayan lambun suna dawowa kasuwa.

Annobar ta ɓulla a watan Oktoban 2016, ta ɗan lafa, sannan ta dawo da ƙarfi a ƙarshen Afrilun 2017 tare da saukar damina. Zuwa ƙarshen Yuni ana samun sababbin majinyata kimanin 5,000 a kowace rana. Kafin shekarar ta ƙare an haura mutum miliyan ɗaya da ake zaton sun kamu, sama da 2,000 sun rasu. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna irin cutar daga gabashin Afirka ya tsallako. An shirya allurar rigakafin ɗigawa a baki a 2017 aka fasa, sai a watan Mayun 2018 aka fara a Adan. Zuwa 2021 jimillar ta kai wajen miliyan 2.5, mamata kimanin 4,000. Wajibi ne a karanta wannan adadi da hankali. Kaɗan ne daga ciki aka gwada a ɗakin gwaji, don haka akwai masu wata gudawar daban da aka lissafa da su, akwai kuma waɗanda suka mutu a ƙauye ba a rubuta su ba. Duk da haka, ƙarancin mace-macen da aka rubuta yana nuna aikin da likitoci da malaman jinya marasa albashi suka yi, tare da ƙungiyoyin agaji da suka buɗe wuraren shan ruwan gishiri da sukari a unguwanni.

Kwalara ce ke jawo kyamarori, amma gudawar yau da kullum ta fi ta cin yara. Yaron da ke shan gurɓataccen ruwa yana zawo a kai a kai, hanjinsa ya lalace ya daina riƙe abinci, ya faɗa tamowa. Tamowa ta raunana garkuwar jikinsa, zawo na gaba ya fi na baya tsanani. Uwar da ba ta ƙoshi ba nononta ya ragu, a haɗa wa jariri madara ko kunu da ruwan jarka, a sake komawa farko. A 2021 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 2.3 ne ke fama da tamowa a Yaman, 400,000 daga ciki suna bakin mutuwa. Ana iya kai buhunan alkama ƙauye, amma idan ruwan bai gyaru ba, abincin wucewa zai yi ta cikin yaron.

Sauran cututtukan suna biye. Ajiye ruwa a buɗaɗɗun duro da bokitai ya ba sauron zazzaɓin dengi wurin haihuwa a cikin gida, shi kuwa da rana yake cizo, gidan sauro ba ya tare shi. Ta'iz da Hudaida da Adan sun sha fama da shi. Inda ruwan wanka ya zama tsada, ƙazuwa da ciwon ido sun yaɗu a sansanonin 'yan gudun hijira, waɗanda yawansu ya kai wajen miliyan 4.5. A wasu yankunan Ta'iz da Dali, ƙara zurfin rijiya ya kai ga ruwa mai yawan sinadarin fulorayid da ke rina haƙori ya lanƙwasa ƙashin yara, abin da mutanen Kaltungo suka sani a haƙoransu. Injin wankin ƙoda yana buƙatar sama da lita ɗari ta tsabtataccen ruwa a kowane zama, ga wuta, kuma a farkon 2018 Red Cross ta ce kashi ɗaya cikin huɗu na masu wankin ƙoda a ƙasar na mutuwa kowace shekara tun da aka fara yaƙin. Mata da yara ne ke ɗiban ruwa, don haka su ne ke taka nakiyoyin da aka binne a hanya, su ne maharban ɓoye ke gani a Ta'iz, kuma 'ya mace ce ake fara cirewa daga makaranta don ta tsaya a layi.

Ba sai mun haye teku ba za mu ga ƙaramin wannan. A watan Agustan 2017, daidai lokacin da annobar Yaman ke kan ganiyarta, kwalara ta ɓarke a sansanin Muna Garej a Maiduguri. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka tarwatsa turakun wutar da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri, layin da daga nan Gombe yake tashi, birnin ya daɗe cikin duhu, kowace rijiyar burtsatse ta koma kan mai. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya haɗa masai da rijiya, kwalara ta biyo baya cikin makonni. 'Yan'uwanmu da suka yi hijira suka zauna a Gombe sun san wannan labari fiye da ni.

Akwai kuma adadin da ya kamata ya tayar mana da hankali. A 2021 kaɗai, Najeriya ta rubuta sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi na kan gaba a yawan waɗanda suka kamu. Wato a shekara ɗaya mun binne kusan adadin da Yaman ta rubuta a shekara biyar, alhali ba jirgin da ke jefa bam a Bauchi, ba wanda ya rufe mana tashar ruwa. Bambancin yana cikin saurin kai majinyaci wurin magani, da ko an tanadi ruwan ƙari da kulorin kafin damina ko sai an fara binne mutane.

Ba na cewa ƙasarmu Yaman ce. Ruwan saman da Gombe ke samu ya ninka na San'a wajen sau uku, muna da Gongola da madatsar Dadin Kowa, Bauchi na da Gubi. Amma tsarin da ya karye a can shi ne muke ginawa a nan da hannunmu. Ruwan Dadin Kowa sai an turo shi da wuta tafiyar kilomitoci kafin ya iso gari. Sababbin unguwanni sun wuce inda bututu ya tsaya, don haka duk wanda ya gina gida ya samu hali sai ya kira masu injin haƙa, maƙwabcin da rijiyarsa ta ƙafe ya koma sayen jarka a ƙofarsa. A yankin Dukku da Kwami da wasu sassan Akko, inda ƙasar yashi ce mai zurfi, ruwa yana can nesa ƙwarai, kuma da rani mutum da saniya tafki ɗaya suke sha. Da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kowa ya ga yadda kuɗin jarka ya bi kuɗin lita. Ku kuma duba yadda bututun roba ke kwance cikin kwata a tsofaffin unguwanninmu, an ɗaure tsagarsu da leda da roba, ku tuna abin da bututu ke yi idan an ɗauke ruwa. Abubuwan da za su rage haɗarin sanannu ne: a san yawan rijiyoyin burtsatse da zurfinsu, a riƙa auna saukar ruwan ƙasa, a fitar da bututu daga kwata, a sa kulorin a wuraren da 'yan garuwa da tankoki ke ɗiba, a kuma biya ma'aikacin ruwa a kan lokaci kamar yadda ake biyan mai tsaro, domin aikinsu iri ɗaya ne.

Wani zai ce sola ta zo, an huta da dizal. A Yaman ma haka aka ce. Da mai ya yi wuya, manoma da hukumomin ruwa suka rungumi injinan sola, kuma sun ceci rayuka da yawa, domin takunkumi ba ya tare rana. Sai dai tsadar dizal ita ce ɗan birkin da ya rage wa manomi. Da injin sola, daga fitowar rana har faɗuwarta ana jan ruwa kyauta, kuma masu bincike sun lura ruwan ƙasa ya ƙara saurin sauka a yankunan da sola ta fi yawa. Mu ma da muke murna da rijiyoyin sola a fadamu da unguwanni, ya kamata a haɗa su da ma'auni da ƙa'ida tun yanzu.

A watan Afrilun 2022 aka tsagaita wuta a Yaman, jiragen mai suka ƙara shiga Hudaida, luguden sama ya yi sauƙi. Amma bututun da ya ruɓe bai gyara kansa ba, injiniyan da ya bar ƙasar bai dawo ba, maganar albashi ba ta warware ba, ruwan da aka zuƙe daga ƙarƙashin San'a kuwa babu yarjejeniyar da za ta mayar da shi. A 2024 kwalara ta dawo. Zuwa farkon Disamba Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa kusan mutum 250,000 da ake zaton sun kamu, 861 sun rasu, fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukan masu cutar a duniya a shekarar. A daidai wannan lokaci, tsakanin Maris da ƙarshen Nuwamba, an rufe cibiyoyin jinyar gudawa 47 da wuraren shan ruwan gishiri da sukari 234 saboda kuɗin agaji ya ƙare.